Darasi Na Goma Sha Biyu: Tsofaffin Taswirori Da Bunƙasar Birnin Rotadam Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu

Manufar darasi

Bayan da muka san gabas da yamma da kudu da arewa a darussan da suka gabata, muka kuma koyi auna nisa a kan takarda, yanzu lokaci ya yi da za mu hau mataki na gaba, wato mu koyi yadda mai nazari yake jera tsofaffin taswirori na wuri guda, na shekaru dabam-dabam, ya fitar da tarihin wurin daga cikinsu. Misalin da muka zaɓa shi ne birnin Rotadam na ƙasar Holan, saboda dalilai biyu. Na farko, ƙasar tana da taswirori ingantattu waɗanda aka riƙa sabuntawa tun ƙarni na goma sha tara. Na biyu, da wuya a sami birnin da kamanninsa suka sauya cikin shekara talatin kamar yadda na wannan birni suka sauya tsakanin 1945 da 1975. Abin da ake so ɗalibi ya fita da shi shi ne ya iya gane abin da ya ƙaru a sabuwar taswira, ya kuma iya gane abin da ya ɓace daga cikinta, domin na biyun ne ya fi wuyar gani, shi ne kuma ya fi bukatar tadabburi.

Fasali na ɗaya: Irin taswirar da muke magana a kai

Taswirori iri-iri ne. Akwai mai nuna iyakokin ƙasashe, akwai mai nuna hanyoyin mota kaɗai, akwai kuma wadda ake kira taswirar shimfiɗar ƙasa, wadda ma'aikatan safiyo suke zanawa bayan sun auna ƙasa taki-taki, sun sanya mata tudu da kwari, kogi da fadama, gona da daji, gada da layin dogo, har gidan manomi guda ɗaya da yake zaune shi kaɗai a bayan gari. Wannan ta ƙarshen ita ce abin nazarinmu.

A ƙasar Holan an kafa ofishin wannan aiki a 1815, kuma sojoji ne suka daɗe suna riƙe da shi, saboda a wancan zamani sanin ƙasa yana cikin shirin yaƙi. Tsakanin 1850 da 1864 aka kammala zana ƙasar baki ɗaya bisa ma'aunin 1:50,000, daga baya aka fitar da wasu masu ma'aunin 1:25,000, tun daga shekarun 1930 kuma aka shiga amfani da hotunan da ake ɗauka daga jirgin sama. A 2004 aka haɗe ofishin da hukumar rajistar filaye ta ƙasar, wadda ake kira Kadaster, ita kuwa a 2015 ta zuba tsofaffin taswirorin a intanet domin kowa ya duba.

Ma'aunin 1:25,000 yana nufin santimita 4 a takarda daidai take da kilomita 1 a ƙasa. An ja wa takardar layuka tsaye da kwance, suka raba ta gida-gida, kowane gida kilomita 1 ne tsawo da faɗi, wato hekta 100. Ruwa shuɗi ne, makiyaya kore ce, rairayi rawaya, unguwannin gari kuwa ja. A ƙasashe masu duwatsu ana nuna tudu da layuka masu lanƙwasa, kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ya zo ɗaya. Amma da yake yammacin Holan shimfiɗe yake, wani wurin ma ya fi teku ƙasa, sai masu zane suka dogara da ƙananan lambobi da suke warwatsawa a kan takardar, waɗanda suke faɗin mita nawa wuri ya ɗara matsayin ruwan teku. In an ga alamar ɗebewa a gaban lamba, to wurin yana ƙasa da teku, jinga ce kawai da injunan zuƙe ruwa suke tsare da shi.

Fasali na biyu: Sharuɗɗa uku kafin a kwatanta

Kamar yadda alƙali mai adalci ba ya gina hukunci a kan shaida sai ya san wanda ya ba da ita, da lokacin da ya ga abin, da inda yake tsaye sa'ad da ya gani, haka mai nazari bai kamata ya karɓi maganar taswira ba sai ya cika sharuɗɗa uku.

Sharaɗi na farko, ya duba gefen takarda ya ga shekarar da aka yi awo da shekarar da aka buga, domin sau da yawa akwai tazarar shekaru a tsakaninsu; taswirar da aka buga a wata shekara tana iya nuna gona a wurin da tuni masana'anta ta tsaya tana hayaƙi. Sharaɗi na biyu, ya tabbata ma'aunin takardun biyu ɗaya ne, ya kuma karanta jerin alamomin kowacce, tun da masu zane suna sauya launi da alama daga zamani zuwa zamani. Sharaɗi na uku, ya nemi abin da bai motsa ba a cikinsu duka ya mai da shi madogara. A taswirorin Rotadam, hasumiyar majami'ar Laurens da ke tsakiyar gari, da tsohon garin Brielle mai ganuwa da ke yamma, sun isa madogara. In ɗalibi ya ɗora yatsa a kansu, ba zai ɓace ba ko da duk abin da ke kewaye da su ya sāke.

Fasali na uku: Yadda birnin yake kafin yaƙi

Asalin garin wani datsi ne da aka yi wa ƙaramin kogin Rotte a wajejen 1270, ya kuma sami matsayin birni a 1340. Darajarsa ta samo tushe daga wurin zamansa, domin yana bakin ƙofar da ruwan kogin Rayin da na Mas suke bi su shiga Tekun Arewa, kogin Rayin kuwa shi ne hanyar da take kai kaya har yankin Ruhr na Jamus, mai kwal da ƙarfe. Sai dai tsakiyar birnin tana nesa da teku da wajen kilomita 30, bakin kogin kuma yashi yana yawan toshe shi, har sai da injiniya Pieter Caland ya tsara haƙa wata miƙaƙƙiyar hanyar ruwa da ta keta tudun rairayi ta fita teku, wadda aka buɗe a 1872, ake kiranta Nieuwe Waterweg.

Wanda ya shimfiɗa taswirar shekarun 1930 a gabansa zai ga tsohon gari mai kusurwa uku a gaɓar arewa, cike da lunguna da magudanan ruwa. Zai ga manyan matsayan jirage da aka haƙa a gaɓar kudu, mafi girmansu Waalhaven. Zai kuma ga 'yan da'irori kusa da ƙauyen Pernis, waɗanda su ne tankunan mai, inda kamfanin Shell ya kafa matatarsa a 1936. Daga nan zuwa teku kuwa sai kore da fari, makiyaya da gonaki. Tsibirin Rozenburg yana kwance tsakanin hanyoyin ruwa biyu, da 'yan ƙauyukansa da jingoginsa, a ƙarshensa na yamma kuma akwai wani fili na rairayi da fadama mai suna De Beer, wanda aka keɓe domin dubban tsuntsayen teku da suke ƙyanƙyasa a cikinsa. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan suna.

Fasali na huɗu: Rushewa da sabon gini

Ranar 14 ga Mayu 1940 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa tsakiyar birnin ruwan bama-bamai, gobara ta biyo baya ta cinye fiye da hekta 250, mutum wajen 800 suka halaka, gidaje kimanin 25,000 suka ƙone, mutum wajen 80,000 suka wayi gari ba su da wurin kwana. Kashegari sojojin Holan suka miƙa wuya. A watan Satumba 1944 kuma, da Jamusawa suka ga yaƙi ya juya musu baya, sai suka farfasa bakin tashar da injunan ɗaga kaya, domin kada abokan gābarsu su amfana da su.

Abin da taswira take nunawa a nan yana da ban tausayi ga mai lura. Inda dā ja ya cika maƙil, sai ga fili fetal, gine-gine ƙalilan ne a tsaye, irin su zauren majalisar gari da gidan waya da kangon majami'ar Laurens. Wasu magudanan ruwa da aka sani shekara da shekaru, kamar Blaak, sun ɓace daga takarda, saboda da ɓaraguzan gidajen da suka rushe aka cike su aka mai da su tituna.

Birane da yawa na Turai sun sāke gina tsofaffin unguwanninsu bisa kamannin dā, amma shugabannin Rotadam sun zaɓi wata hanya dabam. A 1946 suka amince da tsarin da Cornelis van Traa ya zana, wanda ya watsar da lungunan dā, ya shimfiɗa faffaɗan tituna, ya ware wurin ciniki dabam, wurin ofisoshi dabam, ya kai mafi yawan gidajen kwana bayan gari. A 1953 aka buɗe Lijnbaan, titin kantuna wanda mota ba ta shiga. A kudancin kogi aka gina sababbin unguwanni irin su Pendrecht, wadda Lotte Stam-Beese ta tsara, kuma ko a takarda mutum yana gane su, domin dogayen gidaje ne a jere bisa fasali ɗaya da ake ta maimaitawa, da filin ciyawa a tsakaninsu. A gabas kuma, a shekarun 1960, aka gina unguwanni a cikin ƙasar Prins Alexander, wadda asalinta tafkuna ne aka zuƙe, lambobin taswira suna nuna tana ƙasa da teku da wajen mita 6.

Fasali na biyar: Tasha ta nufi teku

Ruwa ba ya tsami banza, kuma tashar jirage ba ta tashi daga cikin gari ta nufi yamma don sha'awa ba. Dalilan sun taru ne. Jamus ta Yamma ta farfaɗo da masana'antunta, bukatarta ta tama da hatsi da mai ta ƙaru; Turai ta fara barin kwal tana komawa ga man fetur; rufe mashigin Suwez a 1956, da sāke rufe shi daga 1967 zuwa 1975, ya tilasta wa jiragen dakon mai zagayawa ta kudancin Afirka, masu jirage kuwa suka ga ba riba a doguwar tafiya sai da ƙaton jirgi, ƙaton jirgi kuma yana bukatar ruwa mai zurfi, ruwa mai zurfi kuwa yana kusa da teku. Wanda ya fahimci wannan silsila ya fahimci abin da ya sa kowace sabuwar taswira take nuna tashar ta ƙara matsawa yamma.

Matakin farko shi ne Botlek, wanda aka tsara a 1947 aka haƙa a shekarun 1950, ya cika da matatun mai da masana'antun sinadarai. Na biyu shi ne Europoort, wanda aka fara a 1958 a kan tsibirin Rozenburg. A 1962 Rotadam ta wuce Niyok ta zama tashar da ta fi kowace tasha a duniya yawan kaya, ta kuma riƙe wannan matsayi har 2004, sa'ad da tashoshin Asiya suka sha gabanta. A 1966 jirgin kwantena na farko daga Amurka, mai suna Fairland, ya sauke kaya a can, daga nan taswira ta fara nuna manyan filaye ba rumfa ba sito, domin kwantena ba ta bukatar inuwa.

Da ƙasa ta ƙare, sai aka shiga teku. Aka gina doguwar jinga cikin ruwa, jiragen yasa suka riƙa zuƙo yashi daga ƙarƙashin teku suna fesawa a bayanta, har sabuwar ƙasa ta fito, wadda ake kira Maasvlakte, jirage suka fara tsayawa a gaɓarta a 1973. Daga 2008 zuwa 2013 aka ƙara mata kashi na biyu mai faɗin hekta 2,000, wato gida ashirin cif a gidajen taswira, aka kuma ɗaga ƙasarsa wajen mita 5 bisa teku. A yau tsawon tashar daga cikin gari zuwa bakin teku ya kai kimanin kilomita 40. In aka jera takardun 1:25,000 a ƙasa, sai sun ci santimita 160 kafin a kai ƙarshenta. Wani kaso na fetur ɗin da aka daɗe ana shigowa da shi Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, daga wannan yanki da maƙwabtansa Amstadam da Antwaf yake fitowa.

Masu wannan aiki ba su manta da haɗarin ruwa ba, domin a daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu 1953 ambaliyar teku ta kashe mutum 1,836 a ƙasar, kuma jingar da ke tsare da ƙasa mai kwari a gabashin Rotadam ta fara ɓallewa, sai da aka sa wani matuƙi ya toshe ɓarakar da jirginsa. Bayan wannan musiba aka datse mafi yawan bakunan koguna na kudu maso yamma, amma hanyar Rotadam ba ta datsuwa tun da jirage suna bi, saboda haka aka yi mata ƙofofi biyu na ƙarfe, kowace tsawonta mita 210, aka gama su a 1997, ana rufe su in teku ta yi barazana.

Fasali na shida: Abin da ya ɓace, da abin da taswira ba ta faɗa

Yanzu ɗalibi ya koma yammacin tsibirin Rozenburg ya nemi De Beer a taswirar ƙarshen shekarun 1960. Ba zai same shi ba. Kafin ƙarshen 1964 an haƙe wani sashe nasa, an binne kusan duk saura da yashi, sunansa kuwa ya rage a kan hanyar ruwan da aka haƙa a wurin, Beerkanaal. Ya nemi ƙauyen Blankenburg, ya nemi Nieuwesluis, zai tarar da tankuna da ruwa a mazauninsu. Ƙauyukan Pernis da Rozenburg sun tsira, amma masana'antu sun yi musu zobe. Sabuwar taswira ba ta sanar da mai karatu cewa an yi hasarar kome. Ita dai tana zana abin da ke nan, kuma ba don an ajiye tsohuwar ba, da sai mutum ya zaci tun fil'azal haka wurin yake. Wannan ita ce babbar fa'idar adana tsofaffin taswirori, shi ya sa hukumar da ta bar nata ga gara da ɗanshi ta tozartar da amana.

Akwai kuma al'amuran da ko an jera taswirori ɗari ba za su bayyana ba. Taswira ba ta ƙidaya mutane: jama'ar birnin sun kai wajen 731,000 a 1965, suka ragu zuwa wajen 555,000 a 1984, alhali jan launi na gidaje ƙaruwa yake yi, saboda iyalai sun ƙanƙance, masu hali kuma sun koma garuruwan kewaye irin su Spijkenisse. Ba ta faɗin su wane ne suka yi aikin: ma'aikata sun zo daga Sifen da tsibiran Kef Bad, daga Turkiyya bayan yarjejeniyar 1964, daga Maroko bayan ta 1969, zuriyarsu kuwa ta zama ɓangaren birnin, har Ahmed Aboutaleb, haifaffen Maroko, ya zama magajin gari a 2009. Ba ta nuna wari da hayaƙin da suka addabi mazauna kusa da matatu a ƙarshen shekarun 1960. Ba ta kuma nuna abin da aka yi niyya aka fasa: a 1969 an fito da wani tsari mai suna Plan 2000+, wanda zai mamaye ƙarin tsibiran noma a kudu da tashoshi da masana'antu, jama'a suka ƙi, aka janye shi. Saboda haka koren da ake gani a can yau sakamakon tsayin dakan mutane ne, ko da yake takarda ba ta rubuta haka ba. A ƙarshe, a san cewa hukumomi da dama a zamanin yaƙin cacar baka sun riƙa ɓoye wuraren soja daga taswirorinsu da gangan.

Kammalawa

Ba wanda zai yi musun cewa himmar mutanen Rotadam abin koyi ce, tun da sun tashi daga toka suka gina tashar da ta ciyar da dubban gidaje ta kuma raya tattalin arzikin ƙasarsu da na maƙwabta. Amma malamanmu sun koyar da cewa ba a yanke hukunci a kan wani aiki sai an ɗora maslaharsa da ɓarnarsa a kan mizani guda, kuma mai taswira ɗaya a hannu rabin mizani yake riƙe da shi. Duk wanda za a tambayi ra'ayinsa wata rana game da cike fadama, ko yanka gonaki a yi fuloti, ko tayar da ƙauye domin masana'anta, wajibi ne ya nemi tsohuwar taswira da sabuwa, ya haɗa da shaidar mutanen wurin, kafin ya buɗe baki.

Tambayoyi

1. Kawo sharuɗɗa uku da ake cikawa kafin a kwatanta taswirori biyu, ka bayyana hikimar kowanne.
2. A taswira mai ma'aunin 1:25,000, an auna tsakanin matata da bakin teku an sami santimita 36. Kilomita nawa ke nan a ƙasa?
3. Me alamar ɗebewa a gaban lambar tsayi take nufi?
4. Bayyana alaƙar da ke tsakanin rufe mashigin Suwez da matsawar tashar Rotadam zuwa yamma.
5. Jera waɗannan bisa tarihin samuwarsu: Maasvlakte, Nieuwe Waterweg, Europoort, Botlek.
6. Ta yaya gidaje za su ƙaru a taswira alhali jama'ar birni suna raguwa?
7. Ambaci wurare biyu da suka ɓace domin faɗaɗa tashar, da abubuwa biyu da taswira ba ta iya nunawa.

Aikin gida

Ku rabu uku-uku. Kowace ƙungiya ta zana taswirar unguwarta ko ƙauyenta kamar yadda yake a yau, ta sanya masallacin Juma'a ko kasuwa ko tsohuwar rijiya a matsayin madogara. Sa'an nan ku je wurin dattijo ko dattijuwa da suka daɗe a wurin, ku gaishe su da ladabi, ku roƙi su nuna muku inda gonaki da kududdufai da burtali da makiyaya suke a zamanin ƙuruciyarsu, ku zana taswira ta biyu bisa bayaninsu, da ma'auni ɗaya da ta farko. Wanda yake da hanyar zuwa ofishin safiyo ya tambaya ko akwai tsohuwar taswirar yankin. Ku rubuta jeri biyu, na abin da ya ƙaru da na abin da ya ɓace, ku zo da su aji mai zuwa domin mu tattauna.